Yadda Za Ka Mallaki Motar Da Ta Fi Kowace Gudu A Daura Ba Tare Da Ta Motsa Ba

Gyara zama. Idan ka bi matakan da zan jero maka, ina ba ka tabbacin kafin damina ta zagayo, daga Daura har Kongolam babu wanda zai yi zancen gudun mota bai ambaci sunanka ba. Kuma ba za ka ƙone man da ya kai na janareton mai aski ba.

Ba a littafi na karanto ba. A gaban idona abokina Dabo ya yi, ni Badaru ina gefensa tun ranar da motar ta shigo gari.

Dabo dillalin raguna ne. Mutumin kirki, ba ya faɗa, ba ya cin amana. Aibinsa ɗaya: ba ya jure zama a majalisa wani yana riƙe da hira. Majalisarmu kuwa, wadda muke yi a gindin darbejiya kusa da tasha, Saminu ne ya mallake ta. Direban bas ne mai jigila tsakanin Daura da Kano, kuma kullum ya dawo sai ya ba mu labarin motocin da ya wuce a hanya. Dabo ya daɗe yana haɗiyewa. Wata shekara, bayan cinikin babbar Salla ya yi kyau, sai ya ɓace mana. Da ya dawo, ba shi kaɗai ya dawo ba.

Mataki na ɗaya: Sayi suna, ƙarfen zai biyo baya

Kada ka sayi motar da kowa ya sani. Duk motar da bakaniken unguwarku zai iya kwancewa yana hira da mai rake, ba za ta ba ka girma ba.

Dabo ya shigo da wata baƙar a-kori-kura ƙirar Amurka, wadda aka hawo da ita daga Kwatano. Faɗinta ya cika lungunsu, sai da maƙwabta suka janye turamensu. Tana da ƙofa huɗu, ga baya mai ɗaukar garken raguna. Amma duk wannan ba shi ne abin ba. A gefenta akwai haruffa huɗu masu ƙyalli: HEMI.

Saminu ya zagaya ta, ya ce, "Wannan ai gida ne aka sa wa taya."

Dabo ya ciro hankici ya goge haruffan, ɗaya bayan ɗaya. Ka koyi wannan. Mai babbar mota ba ya gardama, shafa yake yi.

Mataki na biyu: Koyi bayanin inji da ƙoƙon fura

Suna ba ya tsayawa sai da bayani. Kuma bayanin nan a hannun Lami mai fura yake, ko da yake ita ba ta sani ba.

Ka sayi fura, ka shanye a gaban jama'a, ka kife ƙoƙon a kan benci. Sannan ka yi yadda Dabo ya yi.

"Kun ga wannan?" in ji shi. "A cikin kowane inji akwai ɗan ɗaki inda fetur da iska suke haɗuwa su kama wuta, wutar ta tura fistin ƙasa, taya ta juya. To galibin motocin da kuke gani, rufin ɗakin nan a shafe yake, ko a karkace. Nawa kuwa kamar ƙoƙon nan yake, rabin ƙwallo. Shi ake nufi da Hemi."

Ya ɗora yatsa a ƙololuwar ƙoƙon. "Fulogi daga sama yake sakin wuta, sai ta watsu ko'ina a tare, ba wani lungu da za ta maƙale. Bawul ɗin kuma manya ne, suna fuskantar juna, wannan na shigo da iska, wancan na fitar da hayaƙi. Kamar ɗakin da ƙofa ke kallon taga. Shi ya sa Turawa suka yi ta cin tsere da shi. Injin nan numfashi yake yi, jama'a. Rabin abincinsa iska ne."

Wani tsoho ya ce, "Ikon Allah."

Sai Saminu ya ce, "To in ƙoƙo ne ke kawo gudu, me ya sa Lami ta shekara ashirin tana ɗauke da su a ka, har yau a ƙasa take zuwa kasuwa?"

Aka fashe da dariya. Ga darasi: irin wannan tambaya ba a amsa ta. Dabo ya dube shi da tausayi, ya ce a hankali, "Hemisferikal." Ya miƙa wa Lami ƙoƙonta, ya tashi. Kalmar da ba ta da amsa ta fi hujja goma.

Wata rana wani mai yawan latsa waya zai ce ya karanta cewa a injinan zamani an ɗan daddanne ƙoƙon, ba cikakken rabin ƙwallo ba ne kamar na da. Gaskiya ya faɗa. Ka tambaye shi ina tasa motar.

Mataki na uku: Gano ƙishinta, ka rufe bakinka

Tafiyar farko da Dabo ya yi da ita, Mai'adua ya kai matarsa Fadila da 'yarsu Hadiyya gaida mahaifin Fadila, Alhaji Hamma. Tafiya ce 'yar kaɗan, wadda babur ke yi ba tare da mai shi ya tuna da gidan mai ba.

A hanyar dawowa Fadila ta ƙura wa gaban direba ido, ta ce, "Baban Hadiyya, wannan allurar ta agogo ce? Na ga tana ta tafiya."

"Ta mai ce."

"Au. To ai ta fi motar sauri."

Abin da ƙoƙo ba ya gaya maka ke nan: bakin da ya buɗe don shaƙar iska, da shi ake shan fetur. Ba a daɗe ba kuma aka cire tallafin mai, farashi ya yi sama. Dabo ya zauna ya yi nazari. Idan ya sayar da ita, Saminu zai yi shekara yana ba da labari. Idan ya ci gaba da tuƙa ta, sai ya sayar da raguna har da igiyoyinsu. Sai ya zaɓi hanya ta uku, wadda ita ce ginshiƙin wannan ilimi.

Mataki na huɗu: Tayar da ita, kada ka tuƙa ta

Gyara mata wuri a ƙofar gida, inda duk mai wucewa zai gan ta. Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, lokacin da lungu ya cika da mutane, ka shiga da babbar rigarka ka murza makulli. Ka taka totur har awaki su tsinke igiya, ƙofofin langa-langa su yi rawa. Sai ka kashe, ka fito kana girgiza kai kamar wanda ya sha da ƙyar.

Sauran kwanakin mako, hau babur ɗinka. Za a tambaye ka dalili. Ga amsoshin da Dabo ya gwada suka yi aiki:

"Titin cikin gari bai ishe ta shiga giya ta uku ba."

"Akwai yara a hanya, ina tsoron Allah."

"Irin wannan inji in ka tafi da shi a hankali, zaginsa ka yi."

Sau ɗaya tak za ka buɗe bonet, kuma a gaban bakanike mai surutu. Dabo ya kira Kalilu. Kalilu ya leƙa, ya fara ƙirga fulogi, ya ga kowace silinda biyu gare ta, takwas sau biyu. Ya sauke bonet a hankali ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, wannan ba da ita aka yaye ni ba." Dabo bai taɓa zuwa Makka ba, amma tun ranar ya zama Alhaji. Kafin magariba duk garejojin Daura sun ji.

Mataki na biyar: Bar jama'a su yi maka ƙaryar

Kai kada ka taɓa cewa ka yi gudu. Haramun ne, kuma ba dole.

A Kongolam an ce motar ta taɓa ƙetare iyaka jami'ai ba su gan ta ba, ƙararta kawai suka ji daga baya. A kasuwar Mai'adua an ce Dabo ya bar shayi a kan benci, ya je Damagaram ya dawo ya same shi da zafi. Duk wanda ya kawo maka irin wannan labari yana neman tabbaci, ka sunkuyar da kai ka ce, "Allah dai ya kiyaye gaba." Addu'a ce, babu wanda zai kama ka da ita.

A wannan lokaci majalisa ta koma hannun Dabo. Saminu in ya fara, "Yau a Dambatta na wuce wata..." sai wani ya katse shi, "Ka gode wa Allah Hemi ba ta hanya."

Mataki na shida: Ranar da suna zai zo neman ka

Zai zo. Ka shirya.

Alhaji Hamma ya yi shekaru yana tara kuɗin Umara. Dattijo ne mai nutsuwa, manomi, wanda ko keke bai yarda a yi gudu da shi ba. Wata safiya ejan ɗinsa ya bugo waya cewa an matso da tashin jirgi, in bai iso filin jirgin Kano kafin azahar ba, kujerarsa ta tafi. Aka ɗauko shi a babur daga Mai'adua zuwa Daura, jakarsa a kan cinya. A tasha bas ɗin Saminu ce a layi, kuma ko rabi ba ta cika ba.

Sai wani ɗan albarka ya ce, "Alhaji, kai da surukinka ke da Hemi?"

Tasha guda ta rako shi ƙofar gidan Dabo. Ina wurin. Na ga fuskar abokina lokacin da surukinsa ya kama hannunsa ya ce, "Ɗana, yau ranarka ce. Kada ka bari in rasa ɗakin Allah."

Fadila tana daga soro, ta ce, "Baban Hadiyya, Baba ne fa."

Man da ke cikin tankin na tayarwar Juma'a ne kawai. Dabo ya yi gyaran murya ya ce, "Baba, bari mu ɗan biya gidan mai."

Saminu, wanda ya bar bas ɗinsa ya biyo kallo, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji: "Au, ashe tana shan mai? Ni na zaci iska ce abincinta!"

Ga layi a gidan mai har bakin titi. Ga Alhaji Hamma yana duba rana yana cewa babu lokaci. Ga jama'a. Dabo ya ce, "Shiga, Baba." Ya jawo ni ya tura kujerar baya, ya ɗora mini jakar. A ransa ya yanke cewa zai sha mai a Kazaure, inda babu wanda ya san shi. Muka wuce gidan man Daura ko kallonsa bai yi ba, ana ta tafi da ihu.

Yanzu zan faɗi gaskiya, don ba a gina ilimi kan ƙarya zalla. Da muka fita gari, titi ya miƙe, Alhaji ya ce, "Ɗan ƙara wuta, ɗana." Dabo ya taka. Shi kansa bai taɓa taka ta a buɗaɗɗen titi ba. Motar ta yi wani gurnani daga can cikinta, ta manna mu da kujeru. Wallahi sunan nan ba a banza aka yi shi ba. Bishiyoyin gefen hanya suka haɗe suka zama katanga. Muka wuce wata tirela kamar an kafe ta. Na ga Dabo ta madubi yana murmushi, idonsa har da ƙwalla, kamar wanda ya gano matarsa 'yar sarki ce.

Alhaji ya fara da salati. Ya koma addu'ar tafiya. Ya koma Ayatul Kursiyyu. Hularsa ta faɗo bai ɗauka ba. Can sai ya juyo, hannunsa biyu a ƙanƙame da kujera, ya ce, "Badaru, kai ne shaida. Gonar fadama ta Fadila ce da 'yan'uwanta mata. Saniyar da ke wurin Auta kuma tasa ce, na ba shi."

Na ce, "Baba, insha Allahu za mu isa."

Ya ce, "Ina?"

Mataki na bakwai: In mai ya ƙare, mai da shi biyayya

Wannan shi ne matakin da ya raba gwani da ɗan koyo, kuma ba a koyar da shi, sai dai Allah ya dafa maka.

Gab da Kazaure, wata akuya ta leƙo titi ta fasa. Alhaji ya kwarma ihu: "Dabo! Don girman Allah ka tsaya! Na ce ka tsaya!"

A daidai wannan lokaci injin ya yi tari. Ya sake yi. Ya yi shiru.

Ni na san abin da ya faru, Dabo ma ya sani. Amma sai ya karkata sitiyari a hankali, ya bar ta ta gangara gefen titi har ƙarƙashin wata tsamiya, ya ja birki, ya zare makulli, ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Baba. Yadda ka ce."

Alhaji ya buɗe ƙofa ya sauka, ya zauna a ƙasa dirshan, ya dafa ta da tafin hannu biyu kamar yana tabbatar tana nan. Da numfashinsa ya dawo ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Yaran yanzu da ba za su ji ba. Kai kuwa kalma ɗaya, ka kashe inji ɗungurungum."

Dabo ya ce, "Ai ba na tsallake maganarka, Baba."

"To ba zan sake shigarta ba. In jirgin ya tafi, ya tafi. Umara na yi niyya, ba lahira ba."

Mataki na takwas: Kula da maƙiyi in ya iso

Muna zaune a inuwar tsamiya, sai ga bas ɗin Saminu tana tafe tana nishi, cike da fasinja da buhuna. Ya gan mu, ya tsaya, ya sauko yana murmushin da ya daɗe yana ajiya.

"Lafiya dai? Ko ƙoƙon ne ya fashe?"

Kada ka amsa. Bar dattijo ya yi maka aiki.

Alhaji ya miƙe ya ce, "Ni na tsayar da shi. Saminu, wannan ba mota ba ce, fitina ce. Na ga bishiya tana gudu. Ka taimake ni da kujera a motarka mai albarka, wadda ta san girman ɗan Adam."

Fasinjoji duk sun leƙo ta taga suna ji. Saminu ya dubi motar, ya dubi Dabo. Direba ne, hancinsa ya shinshino wani abu. Ya ce, "To Alhaji Dabo, ɗan tayar mana da ita mu ji lafiyarta kafin mu wuce."

Dabo ya ɗaga makullin sama, ya juya wajen surukinsa ya ce, "Baba, in tayar?"

"Kada ka kuskura! Ba a gabana ba!"

Dabo ya mayar da makulli aljihu, ya buɗe wa Saminu hannuwa. Saminu ya shiga bas ya ja ƙofa da ƙarfi. Tun daga nan har Kano, a cikin motarsa, a kujerar da ke gefensa, Alhaji Hamma ya yi ta ba fasinjojinsa labarin gudun Hemi, shi kuma yana tuƙi yana saurare. An ce ko rediyo bai iya kunnawa ba, don dattijo na magana.

Alhaji ya samu jirginsa, domin ashe an ɗaga tashin zuwa yamma. Mu kuma, da bas ta ɓace, na tari ɗan acaba zuwa Kazaure na ciko jarka. Muka dawo Daura a hankali, har wani mai amalanke ya yi mana sannu. A bakin gari kawai Dabo ya taka totur sau ɗaya, don masu jira.

Mataki na tara: Samu a haramta maka

Babu abin da ke tabbatar da gudun mota kamar a hana ta gudu. A Amurka ma an taɓa dakatar da irin wannan inji daga wata babbar gasar tsere na ɗan lokaci, kuma tun daga nan sunansa ya ƙara tashi.

Alhaji ya bugo waya daga ƙasa mai tsarki, aka sa a lasifika a tsakar gida. Ya ce bai yafe ba in Dabo ya sake hawa titi da motar nan, shi ko 'yarsa ko jikarsa. Ya ce ba ya so a sayar da ita kuma, kada a ɗauki alhakin wani. A bar ta inda take.

Dabo ya fito majalisa da fuskar wanda aka yi wa rasuwa. "Suruki uba ne," in ji shi. "Ya zan yi?" Aka yi ta ba shi haƙuri. Har Lami ta ƙara masa nono kyauta.

Sai dai akwai mutum ɗaya da ba a rufe wa ido. Tun ranar da muka dawo, da na shiga gaishe ta, Fadila ta ɗan ja hanci ta ce, "Malam Badaru, wannan warin fetur a rigarka fa? Ko kai ma ƙoƙo gare ka?" Sannan ta juya wajen mijinta. "Baban Hadiyya, ni ba zan gaya wa Baba komai ba. Hawan jini gare shi, kuma yana alfahari da kai. Amma daga yau kai za ka riƙa kai Hadiyya Islamiyya a babur, kullum, ba aike. Bayan motar nan kuma nawa ne."

Yau in ka bi ta lungunsu za ka ga motar da ta fi kowace gudu a masarautar Daura, an shanya kuɓewa da barkono a bayanta, an rufe da gidan sauro saboda kaji. Kuɓewar tana bushewa da wuri ƙwarai. Dabo ya ce injin ne.

Sanarwa

Ni Badaru, hannuna a wanke yake daga duk abin da zai biyo bayan gwada waɗannan matakai. Ban sayar maka da mota ba, ban zaɓa maka suruki ba.

Ina faɗin haka ne saboda Yazid, wani ɗan kasuwar hatsi da ya ji labarin ya sayo tasa, ya bi komai daki-daki har zuwa mataki na bakwai. Abin da bai bincika ba shi ne, surukinsa tsohon direban tanka ne da ya yi rabin rayuwarsa a hanyar Legas. Ana tsakiyar gudu, dattijon ya sauke gilashi, ya gyara hula, ya ce, "Yaro, wannan ce giyar ƙarshe?" Da injin ya yi tari ya mutu, sai dattijon ya sauka, ya kara kunnensa a jikin tanki, ya ƙwanƙwasa da zobensa, ya saurara.

Sannan ya koma ya zauna a kujerar direba, ya ce wa Yazid, "Tura."